Akuya Ba Ta da Haƙoran Sama

Wata biyar cur Baba bai ce wa Auta ko ci kanki ba. Kada a ce bakinsa ne ya mutu, lafiyar bakin nan lau. Yana amsa gaisuwar mijinta, yana tambayar mai gashin ƙashi ya iyali, ranar nan ma har faɗa ya yi wa mai gyaran famfo don ya bar ruwa yana ɗiga a banɗaki. Amma da zarar Auta ta turo ƙofa ta durƙusa ta ce, "Baba, sannunku da hutawa," sai ya mai da fuskarsa bango ya tsura wa fenti ido. Abin yana cin ta ƙwarai, don ita ce shalelensa tun tana rarrafe.

Laifinta ɗaya ne, ita ta sayar da awakinsa.

Yadda aka yi kuwa, tsoho ɗan shekara saba'in da uku ne ya hau bishiya da adda zai saro wa dabbobinsa ganye, reshe ya ɓalle da shi, ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi masa aiki a asibiti, aka sa ƙarfe, likita ya ce hawan bishiya da bin garke sun ƙare. 'Ya'yansa huɗu suka yi shawara ta waya. Babban Yaya ne ya fara kawo maganar sayarwa, tun da babu mai zama a gidan gona ya yi kiwo. Yaya ta biyu ta ce ai ita tun bara take faɗa. Na uku ya ce duk abin da aka yanke ya yi. To amma wa zai kira dillali? Auta, ita ce kusa. Wa zai tsaya a loda su a mota? Auta. Wa zai shiga ɗakin asibiti ya gaya wa mai su? Nan ma kowa ya tuna yana da aiki a gabansa. Zomo kuwa ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Yanzu yayyen suna bugo waya Baba yana sa musu albarka, ita da take wanke masa kaya tana kai masa abinci ita ce ba a ko kallo.

A gidanta yake zaune, a hawa na biyu, cikin ɗakin da a da take ajiye keken ɗinki da akwatuna. Gado ne da kujerar roba da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu da yake dogarawa, sai taga da ke kallon tankin ruwan maƙwabta. Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya alhali firij yake gyarawa, kullum maganarsa ɗaya ce, ta yi haƙuri, zuciyar tsoho kamar tsohon firij ce, ba ta yin sanyi da wuri. Auta ta ce masa in ya ƙara kwatanta ubanta da firij zai kwana da yunwa.

Malama ce a aji uku na firamare. Kullum ta taso daga makaranta, ta yi girki, sai ta kwashi littattafan yara ta je ɗakin Baba ta zauna a ƙasa tana duba su har rana ta yi sanyi. In ba zai yi mata magana ba, to dai ya ji motsinta. Haka suke zama, ita da jan biro, shi da bango.

Wata Laraba shugabar makaranta ta ce kowane malami ya yi hoton bango na darasinsa. Darasin Auta dabbobin gida ne da abin da suke ci. Tun tana 'yar makaranta ana cewa tana da hannu a zane, irin hannun nan da ake yabo a aji, a fita a manta da shi. Ta shimfiɗa farin kwali a tsakar ɗakin Baba, ta ɗauki fensirin da ta ƙwace a hannun wata mai surutu a aji, ta zana akuya ta miƙa wuya tana cin ganye. Ta yi mata ƙaho, ta yi mata gemu, ta buɗe mata baki ta jera fararen haƙora reras sama da ƙasa kamar mai tallan man goge baki. Ita dai a ganinta aiki ya yi.

"Wannan kare ne ko mene ne?"

Auta ta ɗago ta dubi ƙofa, ko Injiniya ne ya dawo da wuri. Babu kowa. Baba ne ya juyo, ya tokare da gwiwar hannu, yana kallon kwalin da fuskar wanda aka zaga.

Ta ce a hankali, "Akuya ce, Baba."

"Akuya ba ta da haƙoran sama."

Da kwalin ya yi maganar, ba da ita ba, kuma yana gamawa ya koma wa bangonsa. Amma ai an yi. Auta ta tashi da sanɗa ta shiga kicin, ta buɗe famfo don kada a ji, ta yi kuka mai isarta. Da Injiniya ya dawo ta ba shi labari har sau uku, ta kuma tambaye shi ko gaskiya ne maganar haƙoran. Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa leƙa bakin akuya ba, kuma ba shi da niyya.

Gani ya kori ji. A bayan shagon Injiniya akwai wani fili da ake jibge matattun firij da ƙarafan mota, a nan wata dattijuwa take kiwon awaki bakwai, kowa na ce mata Mai-awaki. Washegari Auta ta je mata da kayan makaranta a jiki, jaka a kafaɗa, ta gaishe ta, ta ce don Allah tana so a buɗe mata bakin akuya ta gani. Mai-awaki ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaya ko saya za ta yi, ko kuwa daga ofishin duba-gari take. Da ta ji ba ko ɗaya, sai ta ce duniya mai yayi, ta damƙo wata baƙa ta matse ta tsakanin ƙafafu, ta ɗage mata leɓe. Haƙora takwas a ƙasa. A sama kuwa dasashi ne zalla, mai tauri, sai can ciki ne ake ganin turame. Auta da ta girma cikin awaki, ta sha madararsu, ta kore su daga bakin tukunya sau ba adadi, ashe ba ta taɓa kallonsu ba.

Ta sake zanen, ta kai ɗakin Baba, ta jingina shi inda idonsa zai faɗa a kai, ta zauna kamar ba ruwanta. Bai yi minti biyar ba ya ce ƙwayar idon akuya a kwance take, wannan mai zagaye idon mutum ne. Ta gyara. Kashegari ya ce wutsiyar ta tunkiya ce, akuya ɗaga tata take yi. Auta ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, amma a ranta cewa take abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Hoton bango dai ta miƙa wa shugabar makaranta, aka yaba, aka liƙa. Zane kuwa sai a lokacin ya fara. Ta sayi littafin zane mai kaurin takarda da fensir kala uku, mai tauri na fitar da siffa, matsakaici, da mai taushi na inuwa, ta haɗa da magogi da reza. Kullum in ta taso daga makaranta sai ta biya ta filin Mai-awaki ta yi awa guda, ranar Asabar kuma tun da safe. Kujerarta kifaffen bokiti ne a inuwar wani firij marar ƙofa.

Wanda bai taɓa zana akuya ba bai san haƙuri ba. Ka fara kunne ta juya maka baya. Ka fara baya ta haye kan tayar mota. Ran farko wata 'yar budurwar akuya ta lallaɓo ta bayan Auta ta cinye kusurwar takarda da rabin ƙafar da aka zana, Mai-awaki ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai yabo ne, ta ga abin ya yi kama da abinci. Auta mai saurin fushi ce, a aji in ta daka tsawa ko ƙuda ba ya motsi, amma akuya ba ta san Malama ba. Dole ta koyi jira. Ta gano cewa in rana ta take sukan kwanta su yi tuƙa, a lokacin ne za ka samu kai ya tsaya wuri ɗaya, baki kaɗai ke juyawa. Ta yi mako guda a kan kunne kawai. Ta cika shafi huɗu da kofato. Ta koyi sa 'yar takarda a ƙarƙashin hannunta don kada gefen tafinta ya shafe abin da ta gama, ta koyi fiƙe fensir har bakinsa ya yi tsini kamar allura, ta riƙa jan gashi ɗaya bayan ɗaya tana bin kwanciyarsa. A ƙirjin akuya akwai inda gashin ke juyawa ya yi 'yar guguwa, sai da ta yi kwana uku kafin ta gane ta ina ya faro.

Duk abin da ta zana da rana, da la'asar yana gaban Baba. Shi kuma ba ya rasa abin cewa. Ya sa Injiniya ya nemo masa tabaransa da ya ce tun a asibiti ba ya bukata. Har yanzu ba ya amsa gaisuwarta, har yanzu da takarda yake magana, amma maganar tana tsawo. Wata rana ya ce wuyan nan ya yi kauri, Uwar-rigima ma da take da ƙiba wuyanta bai kai haka ba. Daga nan labarin Uwar-rigima, ɗaya daga cikin awakinsa, ya shigo ɗakin. Ja ce, mai yagaggen kunnen hagu inda waya ta kama ta, mai buɗe sakatar garke da ƙaho ta fito da kowa. Ba ya ba da labarinta kai tsaye, sai dai a cikin gyara: ƙahon Uwar-rigima ba haka ya lanƙwasa ba, Uwar-rigima in za ta tashi ƙafafun baya take fara ɗagawa, kamar kowace akuya mai hankali. Auta ta san ta sarai. Ita ce ta ƙarshe da aka loda a mota ranar nan, sai da mutum uku suka taru a kanta. Ba ta faɗa masa wannan ba.

Da dabbar ta fara zama dabba, sai ya koma kan abincinta. Ya nuna ganyen da ke bakin wata da ta zana, ya tambayi takarda wannan na wace bishiya ne. Babu bishiyar da Allah ya yi mai irin wannan ganye, in ji shi, ganyen malaman makaranta ne, kowanne kamar an buga da hatimi. A kusa da inda take jiran mota akwai tsamiya, ta sa hannu ta karyo ɗan reshe, mutane na kallonta, ta kawo gida ta tsoma a kofin ruwa a kan teburin cin abinci.

Kai, ganye ya fi akuya wuya. Akuya aƙalla tana da fuska. Reshen tsamiya ɗaya yana da ƙananan ganye sun fi ɗari, jere biyu-biyu suna fuskantar juna, kuma babu biyun da suka yi daidai da na kusa da su. Wani tsutsa ta ci gefensa, wani ya karkace, wani ya haye kan ɗan'uwansa ya yi masa inuwa. Ta zana na farko ta ɗora ganye guda a can ƙarshen tsinken, don haka hannunta ya saba. Baba ya ce tsamiya ba ta da gwauron ganye, biyu take farawa biyu take ƙarewa. Ta koma ta duba, haka ne. Ta zana wani da doguwar inuwar yamma a ƙarƙashinsa, ya ce in yamma ce to ganyen tsamiya rufewa yake yi, ba a taɓa ganinsa a baje rana na faɗuwa ba. Ta zauna gaban kofin tana kallo har hasken taga ya ragu, ta ga suna haɗe hannuwa a hankali. Mako uku ta yi a kan reshen nan, tana sauya sabo duk kwana biyu, har mai shagon kusa da tsamiyar ya tambaye ta ko magani take haɗawa.

Wani abu kuma ya faru da ba ta shirya masa ba. Aikin ya shiga ranta. A da don Baba kaɗai take yi, yanzu sai ta tsinci kanta a ɗakin malamai tana kallon yadda haske ya faɗa a kan ganyen da ke bakin taga, shayinta na hucewa. In ta zauna da fensir, awa biyu kan wuce ba ta tuna da kowa ba, har shi Baban. Hannunta ya daina gaggawa.

Rannan ta kawo zanen wani ɗan akuya kwance, ya naɗe ƙafafu, da reshen tsamiya a gabansa. Kwana tara ta yi a kansa. Baba ya karɓa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya matso da shi kusa da tabarau, ya nisanta shi, ya bi kunne, ya bi kofato, ya ƙirga ganye da yatsa. Auta tana durƙushe tana jiran faɗa kamar mai jiran albishir. Ya daɗe. Sannan ya miƙo mata takardar, ya cire tabarau, ya juya bango.

Kashegari ta kawo wani, haka. Rana ta uku ma haka. Shirun da ta manta ɗacinsa ya dawo ɗakin ya zauna daram. Sai a lokacin ta gane inda ta kai kanta: kuskurenta ne kaɗai ke buɗe bakin Baba, ita kuma ta yi wata huɗu tana kashe kanta don ta daina kuskure. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san ba za ta iya sake wata biyar irin na baya ba.

Rana ta huɗu ta ɗauko wani zane da ta gama na uwa mai shayarwa, ta ƙara mata nono biyu suka zama huɗu, ta kai. Baba ya ce yaushe akuya ta zama saniya. Ya yi faɗa mai kyau, har da tsaki, har ya kawo labarin wata da ta haifi uku ta rasa yadda za ta yi da na ukun. Auta ta fito tana murmushi.

Daga nan ya zama mata hanya. Sai ta yi aikinta tsaf yadda ya kamata, in ta gama ta nemi wuri ɗaya ta ɓata. Yau kofato marar tsaga, gobe gwauron ganye a ƙarshen tsinke, jibi kunne a inda ba a kunne. Injiniya ya kama ta wata rana tana yi, ya ce kifi na ganinki mai jar koma, tsohon nan ba yaro ba ne. Ta ce ya gan ta ɗin, in dai zai yi magana. Amma ita ta san abin ba daɗi. A da in ta yi kuskure ba ta san ta yi ba. Yanzu tana gani, da hannunta take lalata abin da ta wahala a kai, kuma kowace rana ƙarya take kai wa ubanta a takarda.

A cikin haka ne ta fara babban zane a ɓoye, a kan teburin cin abinci, ba ta kai masa ko sau ɗaya ba. Uwar-rigima ce, ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta dafa gindin tsamiya, ta kai baki ga reshe. Mai-awaki tana da wata ja mai irin jikin, ita ta tsaya a madadinta, in har za a kira abin da akuya ke yi tsayawa. Sauran kuwa daga bakin Baba ta tattaro su, kunnen da waya ta yaga, lanƙwasar ƙaho, farin tabo a goshi. Mako shida ta yi. Ganyen kaɗai sun cinye fensir biyu. Ta gama wata Asabar da hantsi, ta ja baya ta duba. Injiniya ya zo wucewa da kofin shayi, ya tsaya, ya buɗe baki zai yi barkwancin da ya saba, ya rufe.

Auta ta nemi aibi ta rasa. Ta zauna ta daɗe da magogi a hannu. In ta kai shi haka, shiru ne. Ta zaɓi ƙafar baya ta dama, wadda ta ci mata kwana huɗu, ta goge ta tas tana cije leɓe, ta hure garin magogin, ta zana wata mai gwiwa ta lanƙwaso gaba irin ta mutum. Ta ɗauka ta nufi ɗakin Baba, ranta a ɓace kamar ba ita ta so hakan ba.

Yana zaune a bakin gado, ya gama zagayen da mai gashin ƙashi ya ɗora masa. Ta gaishe shi, ta miƙa. Ya sa tabarau. Ta ga lokacin da ya gane ko wace ce, don nan take ya ɗora babban yatsa a kan yagaggen kunnen. Ta jira faɗan ƙafa. Bai zo ba. Sai ya karkata takardar wajen taga yadda haske zai bi ta kwance, ya shafa wurin da yatsa a hankali, sama da ƙasa. Fensir mai tauri yana barin kwarmi a takarda, magogi na ɗauke baƙin amma ba ya ɗauke kwarmin.

"Akwai wata ƙafa a ƙarƙashin wannan," in ji shi. "Kuma waccan daidai take."

Auta ta dubi inda yatsansa yake.

Ya ce shekara sittin yana bin sawun dabba a kan busasshiyar ƙasa, sai sawun fensir ne zai ɓace masa? Tun ranar nono huɗu ya sani. Mutumin da ya iya juyin gashin ƙirji ba zai kasa ƙirga nono ba. Wannan karon ba da takarda yake magana ba, ita yake kallo ta saman tabarau.

"Me ya sa kike ɓata aikinki?"

Ta so ta yi wata dabara, dabara ta ƙare. Ta faɗa masa gaskiya, hawaye na zuba, cewa in babu abin gyara ba ya yi mata magana, ita kuma ta gaji da shirunsa, ba za ta iya ba. Ta ce ya yafe mata awakin, ta san ransa ne ta loda a mota ranar nan, amma wallahi ba ta ga wata hanya ba.

Baba ya ajiye zanen a kan cinyarsa.

"Da ni ne a wurinki, da na sayar," ya ce. "Fushin nan ya ƙare tun ina wata biyu a ɗakin nan. Hanyar dawowa ce na rasa. Tsoho in ya yi nisa cikin fushi, kunya ce ke tare masa baya."

Ta ce to ranar ɗan akuyan nan fa, da ya juya mata baya kwana uku?

"So na yi in ce ya yi kyau. Bakina bai saba ba." Ya gyara murya, ya dubi Uwar-rigima, ya dubi 'yarsa. "Ya yi kyau. Wannan ma ya yi kyau, ban da ƙafar nan ta mutane. Mayar mata da tata. A nan za ki zauna ki yi, ba a can ba."

Ta tashi ta ɗauko fensir da magogi da reza, ta tarar da Injiniya a bakin ƙofa yana ta faman duba makunnin fitilar da ba abin da ya same shi. Ta dawo ta zauna a ƙasa, ta jingina da gadon, ta ɗora zanen a kan allo. Ta fara da fiƙe fensir. Baba ya leƙo ta kafaɗarta, ya tambaye ta yara nawa ne a ajin nan nata.

Ta ce arba'in da biyu.

Ya ce ai garke ne babba, ita kaɗai, ya take yi da su? Akwai mai buɗe sakata a cikinsu?

Ta ce akwai, har biyu ma. Ta share ido da bayan hannu, ta fara ba shi labarin ta farkon tana goge ƙafar.